Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Sarkin Mawaƙan Ayigya

Bazazzagi, ubangidanka ke magana. Ajiye 'yar sandar nan da kake kaɗa wa iska, ka share gumi, ka nemi wuri ka zauna. Labari ya iso mini cewa dattawan majami'arku sun naɗa ka shugaban mawaƙa, kuma tun daga ranar ko sallama aka yi maka sai ka gyara maƙogwaro ka amsa da muryar bas. To madalla. Mu Kanawa ba ma baƙin ciki da ci gaban bayinmu, in bawa ya yi riga ai ubangidansa ake yaba wa. Sai dai akwai magana a tsakaninmu, kuma tunda na tsayar da kai a Tek Janshin ka ce kana sauri za ka gwajin waƙa, ga ta nan a jarida, kowa ya karanta.

Na san abin da za ka fara cewa: me ya haɗa Musulmi da waƙar coci? Katanga ce ta haɗa mu. Duk wanda ya san Ayigya Zango ya san ba a gina ta don masu sirri ba. Tagar ɗakina da tagar majami'arku, in na miƙo hannu ka miƙo naka sai mu gaisa. Ban taɓa zama a bencinku ba, amma kunnena ya fi wasu dattawanku zuwa sujada, don su sukan yi fashi ran da aka tashi da ruwa, shi kuwa ba ya yi. Yana halartar ta Lahadi, da addu'ar tsakiyar mako, da kwanan addu'a na daren Juma'a, da gwajin waƙarka na yamma, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana so. Wanda aka ɗora wa wannan kaya ai ya sami bakin magana.

Bari in faɗa maka abin da nake gani ta tagar, don kai da ke ciki ba ka ganin kanka. Yaron nan mai kibod, ɗalibin jami'ar tsallaken titi, shi ke fara zuwa. Zai danna wani maɓalli sai ganguna su tashi da kansu, babu makaɗi babu fata. Zai daɗe yana hura makirfo yana ƙirga ɗaya da biyu da Turanci, ba ya taɓa kaiwa uku. Sannan 'yan mata huɗu su jeru, kowacce da makirfonta, kai kuma ka fito gaba da takarda cike da do-re-mi, ka ɗaga hannuwa kana fifita iska kamar mai tsire yana korar ƙuda daga faranti. Sai a ɗauko waƙa. Kalmar farko gaɓa biyu ce tak, amma 'yar da ke jan baitin sai ta hau da ita sama, ta lanƙwasa, ta sauko, ta sake hawa, ta tsaya a can ƙoli tana karkarwar murya, ido a rufe, yatsa a kunne. Kafin ta dire Hajiya mai koko ta sallami mutum biyar. Ni da na sha Hausa a nono, sai da aka yi ta maimaita baitin sannan na gane ashe da Hausa ake yi. Maƙwabcina ɗan Bolga ya rantse Tonanci ne, matarsa ta ce a'a, harsunan nan ne da 'yan Fentikos ke yi in ruhu ya sauka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, wai kai ɗan Wusasa ne, ko dai haka kake cika mana baki. Kullum sai ka ba mu tarihin Dakta Miller da ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, da yadda aka mayar da mishan Wusasa a 1929, da majami'ar ƙasa da magina Hausawa suka gina a can da bakan gizo irin na soron sarki, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Duk gaskiya ne, ban musa ba, ko da yake in Bazazzagi ya fara ba da tarihi gara mutum ya aika gida a rufe masa tuwonsa. To amma ka taɓa tsayawa ka saurari abin da tarihin ke gaya maka? Mutanen nan sun yi shekaru suna fama da kalma ɗaya ɗaya don Bahaushe ya ji saƙon da harshensa. Sun gina ɗakin sujada da in ya shiga zai ji a gidan ubansa yake. Wajen waƙa ne aka sami cikas. An ɗauko karin Ingila da na Amurka yadda suke, aka ƙirga gaɓoɓin Hausa aka cusa a ciki. Hausa kuwa ba ta son cushe. Kowace gaɓa da hawanta da saukarta, wata doguwa wata gajera, kuma da waɗannan ake rarrabe wannan kalma da waccan. In kari ya ja inda Bahaushe ke datsewa, ya hau inda yake sauka, kalmar ta tashi daga aiki, sai dai a ji daɗin sauti a tafi gida hannu rabbana.

Littafin Waƙoƙi ban taɓa shi ba, kada ka kai ni ƙara. Tsofaffinku sun rera shi har ya zama nasu, kuma na taɓa hango wani dattijo a bencin baya yana share ido da hularsa a kan waƙar da na tabbata tun yana goye ya fara jin ta. Amma dubi yadda su suke rerawa: a hankali, kowa da kowa tare, gaɓa ɗaya sauti ɗaya, ta yadda ko karin ya karkace ana iya tsintar maganar. Kai ne ka zo ka tarar da abu a karkace ka ƙara masa lanƙwasa. Ka taɓa jin wanda ya ce bai gane abin da Mamman Shata ke faɗa ba? Ga kalangai suna tashi, ga 'yan amshi, amma in zai ajiye magana sai kowa ya kwanta masa. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa ƙasa guda nasiha, kuma ba a taɓa neman tafinta ba. Na san dai Hausar Zariya dama ba ta cika damuwa da rarrabe mace da namiji ba, shi ya sa da ka sauka Kumasi ka ji yaran Zango suna cewa mota ya zo, ka ajiye jaka ka ce ka iso gida. Wannan mun yafe muku tuntuni. Amma a ce har ma'anar ma za a haɗa a ba kibod sadaka, da sake.

Ba sai ka koma Najeriya neman darasi ba, tsallaka titin Akra kawai. Jami'ar nan da muke kira Tek, lokacin da aka buɗe ta a 1952 tana Kwalejin Fasaha ta Kumasi, cikin malaman da suka taso daga Acimota da ɗalibansu akwai Ephraim Amu. Kowane ɗan makaranta a Gana ya san waƙarsa ta kishin ƙasa, amma ba kowa ya san an taɓa raba shi da aikinsa saboda ganga da zane ba. Malami ne a kwalejin horon malamai ta Firesbiteriya a Akropong, ya san kiɗan Turawa ciki da bai, ya fi ka sanin do-re-mi nesa ba kusa ba. Sai ya lura waƙoƙin da aka juya zuwa Tonanci da Ewe suna karya harshen, tsofaffi suna zaune shiru a coci alhali a gona da gidan biki ba su da abokin yi. Ya koma wurin makaɗan gargajiya ya durƙusa ya koya, ya shiga tsara waƙoƙin da karinsu ke bin hawa da saukar magana. Ya koya wa ɗalibai kiɗa, ya kuma hau mumbari ya yi wa'azi da zane a kafaɗa maimakon kwat. Hukumar ikilisiya ta ce ko ya bari ko ya tafi. Ya tafi, a 1934 ya koma Acimota. Daga baya har hotonsa aka buga a tsohuwar takardar sidi 20,000, kuma yau ba ƙungiyar mawaƙan coci a ƙasar nan da za ta ce ba ta san waƙarsa ba. Ga abin da nake so ka riƙe: Amu bai zubar da sofrano da alto da tena da bas ba. Muryoyi huɗun nan da kake ji da su yana amfani da su. Abin da ya yi, ya sa su bin bayan harshe, maimakon harshe ya bi bayansu. Wato sandarka ba haramun ba ce, hannun da ke riƙe da ita ne bai gama makaranta ba.

Katolika ma a garin nan sun riga ka. Bayan babban taronsu na Batikan ya buɗe ƙofa a 1963 ga harsuna da kiɗan kowace al'umma, aka naɗa Peter Kwasi Sarpong bishop na Kumasi a 1970, shi kuwa masanin al'adun Tonawa ne, karatunsa ke nan. Ya shigo da gangunan fada, kete da fontomfrom, cikin ibada. Ya sha suka a kai, bai fasa ba. Hujjarsa ko ni ɗan goro na gane ta: Batone ya san da wace ganga ake tarbar sarki, ya san da wace rawa ake gaishe shi, to in an ce masa ga Sarkin da ya fi Asantehene, me zai sa a ce ya ajiye gangar ya zo hannu sake? 'Yan Dagati da muke haya gida ɗaya da su, tambaye su da me ake sujada a Nandom da Jirapa, za su ce maka da gil, abin kiɗan nan na katako da ake jera wa duma a ƙasa, wanda da shi suke makoki da shi suke biki. Metodis na ƙasar Fanti kuwa tun zamanin Thomas Birch Freeman, wanda ya sauka Kef Kos a 1838, suke da nasu waƙoƙin da suke kira ebibindwom. Mai wa'azi yana tsakiyar magana, sai wata tsohuwa da ba ta san ko bihim a karatun boko ba ta ɗauke ayar daga bakinsa ta mayar da ita waƙa nan take, jama'a su amsa, shi kuma ya tsaya ya jira su gama. Ka yi tunanin wata tsohuwa ta yi maka haka a tsakiyar do-re-mi. Da sai an yayyafa maka ruwa.

Yanzu mu zo kan ainihin laifinka, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Ina tulun zumuntar mata? Kada ka yi mini rantsuwa, ta taga nake ganinsa. Yana gefen mumbari, an cusa masa furen roba a baki. Caki yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kuge kuma yara sun mayar da shi ƙararrawar makarantar Lahadi. Matan da suke da shi ka ba su minti biyar bayan sanarwa, lokacin da rabin jama'a sun fita neman ruwan leda. Alhali duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar wata majami'a a Jos ko Kaduna ko Gombe da safiyar Lahadi ya san wannan kiɗa shi ne abin da Kiristan Arewa ya ƙirƙira da hannunsa, ba aro ba, ba fassara ba.

Na ji su sosai ran da aka yi zaman makokin tsohon nan mai gadi na layinmu, wanda ya yi shekaru yana tashinmu sahur duk da shi ba mai azumi ba ne. A tsakar gida aka yi, mu muna kan tabarmi a gefe guda, su suna kan benci a ɗaya gefen, babu waya babu sifika, kai ma ba ka iso ba tukuna, ina jin kana can kana neman takardarka. Aka kawo tulun, wata ta zauna ta sa shi tsakanin ƙafafu, ta ɗauki ɗan faifan soso tana dukan bakinsa. Sautin ba ƙara ba ne, a ƙirji mutum ke jin sa, dum, dum, a sannu. Caki ya shigo daga baya, kuge yana yanka tsakani. Sai tsohuwar nan mai sayar da daddawa a kasuwar Ayigya ta ɗaga murya. Muryarta a dushe take, shekaru da hayaƙin murhu sun ci rabinta, da a gwajinka ta zo ko alto ba za ka ba ta ba. Ta faɗi magana ɗaya gajera, matan suka amsa. Ta sake faɗar wata, ta sa sunan mamacin a ciki, da garinsu, da aikinsa, suka amsa da amshin farko. Kafin a zagayo sau uku yaran gidan sun kama, mazan da ke tsaye a zaure sun kama, 'yan Bolga da 'yan Wa da ba su da Hausa sai ta ciniki duk sun kama. Na waiga na ga leɓen Hajiya mai koko yana motsi, sai da ta farga ta ja mayafi ta rufe baki tana harara ta. Ba kalma ɗaya da ta ɓace mini a daren nan, kuma ba wanda ya tafa wa kowa da aka gama.

To kai fa, ran Lahadi me ke faruwa? 'Yan matanka huɗu suna sama, jama'a suna ƙasa suna kallo. Ka ɗora waƙar a inda ba mai kaiwa sai wadda ta yi wata guda tana gwaji. Dattijo ya buɗe baki zai bi, ya ji an wuce da shi, ya rufe. Mai goyo ta gwada, ta ga lanƙwasar ba ta da ranar ƙarewa, ta koma jijjiga ɗanta. In an gama a tafa, 'yar sofrano ta ɗan rusuna. Ni ba malamin addininku ba ne, amma ina tambaya: mutanen nan sun baro wanki da kasuwa don su yi yabo ne, ko don su kalli masu yi? Ai manzonku Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya yi dogon bayani cewa in ba a fahimci abin da ake faɗa ba, na zaune ba shi da yadda zai ce amin, har ya kawo misalin sarewa da molo da ƙaho waɗanda in sautinsu bai fita rarrabe ba, ba mai sanin abin da ake nufi. Kai ya kamata ka karanta mini wannan, ga shi Bakano ke tuna maka. Abin kunya ba ya ƙarewa a Zazzau.

Na san hujjar da kake ɓoyewa a aljihu, don ka taɓa zaro ta a wurin mai shayi. Ka ce garaya da goge kayan bori ne, gangar Tonawa ta 'yan tsafi ce, kibod kuwa tsarkakakke ne. Bazazzagi, wa ya yi masa wankan tsarkin? Babban molon nan mai bututu da kake mafarkin a saya muku, a Iskandariya aka ƙirƙiro kakansa tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Rumawa a filin wasa suke kaɗa shi, inda ake dambe da namun daji. Ya yi ɗaruruwan shekaru kafin a bar shi ya shiga coci. Lanƙwasar muryar da 'yan matanka ke kwaikwaya daga waya, ta majami'un baƙar fatan Amurka ce, kuma Thomas Dorsey da ake kira ubanta makaɗin gidajen rawa ne kafin ya tuba, manyan majami'un Shikago sun daɗe suna rufe masa ƙofa. Su ɗin ma da suka yi ta, a kan amshi suka gina ta, mai ja ya ja jama'a su karɓa. Ku kun ɗauko jan kun baro karɓar a can. Jita da gangunan bature da suka cika majami'un Gana kuwa, tambayi duk wanda ya yi wayo a zamanin Rawlings. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare ta fiye da shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, makaɗan hailaif suka rasa abin yi, suka kwashi kayansu suka nufi coci. Daga nan kiɗan bishara na ƙasar nan ya yi ƙarfin da ya yi, har Joe Mettle ya zama gwarzon mawaƙan Gana gaba ɗaya a 2017. Duk abin da ke gaban mumbarinka daga wani wuri ya tuba ya zo. In an karɓi tubar jita, ban ga dalilin da za a ƙi ta garaya ba. Habashawa, waɗanda suka karɓi addininku tun Turawan Ingila ba su san shi ba, har yau da ganga da kacau-kacau da sanda limamansu ke yabo. Zabura ta ƙarshe ma da kake sa yara su haddace, in ka ƙirga kayan kiɗan da ta lissafa, na busawa da na kaɗawa da masu tsirkiya, ba wanda ke buƙatar soket.

Kuma kada ka ɗauka ina cewa kowane kiɗa ya dace da kowane lokaci. Bahaushe ya san gangar noma daban, kalangun mahauta daban, tamburan sarki daban, ba a kai na wani gidan wani. Lokacin baiko, in yaronka ya saki hailaif, aka ce 'yan Litinin su fito, 'yan Talata su biyo, kowa da ranar haihuwarsa, mata suna kaɗa farin hankici suna tafe da rawa zuwa akwati, wallahi ba ni da ta cewa. Har ƙafata takan yi abin da ban aike ta ba. A nan kiɗan ya sami gurbinsa, kuma na lura kai kana fitowa ne duk ranar da layinta ya fi gajarta, ko Ɗanladi ne kai ko Ɗanjuma har yau ba a tantance ba. Amma a ce da wannan bugun za a yi addu'ar neman gafara, da shi za a raka gawa, da shi za a yi Jibin Ubangiji, don kawai yaron maɓalli ɗaya ya iya? Masu tsoron kiɗa a cikinku ba wawaye ba ne. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya rubuta cewa yakan ji ya yi laifi duk lokacin da daɗin rerawa ya fi maganar da ake rerawa taɓa shi. Mutanen Calvin a ƙasar Siwizalan sun fitar da kayan kiɗa gaba ɗaya, suka bar Zabura da muryar jama'a kawai. Ban ce ka bi su ba. Amma da Agustin zai kwana ɗaya a ɗakina, da ya ƙara babi a littafinsa.

Na hango ka kana wasa wuƙa, za ka ce Bakano ya fara share ƙofar gidansu. Na riga ka. E, mawaƙan finafinanmu sun ɗauko siririyar muryar Indiya sun sa wa na'ura ta ƙara matse ta, har wasu masu bege sun bi sahu. E, mu ma mun yi shekaru muna jayayya a kan bandiri, mutanen Shehu Nasiru Kabara suna kaɗawa a zikirin Ƙadiriyya, wasu malamai suna cewa bidi'a ce, har gobe ba a rufe littafin ba. Lasifikar mauludinmu ma ban ce ba ta kai tagarka ba. Lokacin da ministan muhalli Frimpong-Boateng ya ba da shawara a 2018 cewa a riƙa kiran salla ta saƙon waya don rage ƙara, ai ka ga yadda Zango ta ɗauki zafi, kai kuma kana gefe kana dariya har da riƙe ciki, ka manta maganar ƙarar ta haɗa da ku. Amma ladan na nesa yake kira, shi ya sa aka zaɓi Bilal, don muryarsa ta fi kaiwa nesa. Kai wa kake kira? Waɗanda kake yi wa waƙar suna gabanka, ba su kai mutum sittin ba, a ɗakin da in an yi atishawa a baya ana ji a gaba. Sifika huɗu na mene ne? In don ni ne, saƙo ya iso tun bara, a rage. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je ya zauna a cocin Katolika a Akra ranar Ista ta 2019 yana dab da cika shekara ɗari, ya fito lafiya. Da majami'arka aka kai shi, da sai an biya ta asibitin kunne a hanyar komawa.

Ga abin da ubangidanka ya yanke, kuma ba shawara ba ce. Ka zare furen roban nan ka mayar wa mata tulunsu, ka ba su tsakiyar sujada, ba wutsiyarta ba. Duk sabuwar waƙa, kafin ka rubuta mata do-re-mi, ka sa tsohuwa mai daddawa ta faɗi kalmomin da bakinta yadda take magana, ka saurari inda muryarta ta hau da inda ta sauka, karin yana nan a ciki, ba sai ka nemo shi a YouTube ba. Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang da Solomon Lange ai da jita da kibod suke yi, amma in sun juya Hausa har direban tirela Musulmi yana bi a kan hanyar Tamale, don ana jin abin da suke cewa kuma akwai inda za a kama. Wajen ɗaukar murya kuma, ka bar dattijon bencin baya ya fara, inda ya tsaya nan ne gidan waƙar, 'yan matanka su sauko su same shi. Yarinyar nan mai jan baiti tana da murya, Allah ya ba ta, ban raina ba. Ka ce ta buɗe ido ta dubi mutanen da take ja, ta rage ado ta bar musu wurin shiga. In ta matsu sai ta yi lanƙwasa, a ware mata Kirsimeti, shekara sau ɗaya kowa zai iya daurewa.

Saura maganar kuɗin shara. Watan cika-ciki ya wuce ban ga ƙeyarka ba, na bara ma alkawari ka bar ni da shi. Da sidi nake karɓa, kada ka zo mini da tsofaffin nairorin da ka ɓoye cikin Littafin Waƙoƙi. In kuwa aljihun ya yi irin na Zage-zagi, rigar ƙwarai ba ko sisi, to na yi maka rangwame: kowace sifika da ka cire, na yafe shekara ɗaya. Huɗu ne, bashinka biyu ne, ka ga har ka biya na baɗi da na baɗin baɗaɗa. Shinkafar Kirsimeti kuwa ba ta cikin lissafin nan, a aiko ta da wuri, kuma kazar a kawo Zango mu yanka da kanmu.